Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malamanmu Da Masu Cibiyoyin Maganin Musulunci

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta wa malamai, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina neman izininku in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A gabanku na koyi alwala, a bakinku na fara jin sunan Buhari da Muslim, don haka na san matsayina. Sai dai ku kuka karantar da mu cewa addini nasiha ne, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Goggota, ƙanwar mahaifina, ta shekara 11 tana yi wa kanta allurar insulin saboda ciwon suga. Allurar ta ishe ta, kamar yadda za ta ishi duk wanda ke soka wa kansa ƙarfe safe da yamma. Wata rana aka haɗa ta da wani mai magani, mutum mai kamala a ido, mai daɗin baki. Ya karanta mata hadisin habbatus sauda da Larabci, ya fassara, sannan ya ce allurar asibiti ba ta warkarwa, ɗaure mutum kawai take yi har ƙarshen rayuwarsa. Ya ba ta kwalabe uku, ya ce ta ajiye allura kwana arba'in, ta sa yaƙini a zuciyarta. Ba ta gaya wa kowa ba. Kafin mako biyu su cika muka ɗauke ta ranga-ranga, ba ta san wanda ke kanta ba, jikinta ya bushe, ƙodarta ta taɓu. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba. Da ta farfaɗo, maganar da ta fara yi mini ita ce: "Wataƙila imanina ne bai cika ba."

Wannan kalma ce ta sa ni rubuta muku. Mai maganin ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, babu wanda ya tuhume shi. Laifin gaba ɗaya ya dawo kan tsohuwar da ba ta tsallake sallar dare. Wani kuma da imaninsa bai kai nata ba, in haka ta same shi, hadisin zai fara yi wa kallon shakka. Duk ta inda aka juya, addini ne ke biyan bashin da ba shi ya ci ba.

Ban zo musun hadisi ba, Allah ya tsare ni. Hadisin habbatus sauda yana cikin Buhari da Muslim: a cikinta akwai waraka daga kowace cuta, ban da mutuwa. Na yi imani da shi. Abin da nake roƙo shi ne a karanta shi tare da sharhin magabata, kamar yadda kuke karanta kowane hadisin hukunci. Ibnu Hajar ya kawo a Fathul Bari maganar Imam Khaɗɗabi cewa "kowace cuta" a nan lafazi ne gamamme da ake nufin keɓantacce da shi, domin babu tsiron da ya tattara dukkan abin da ke magance dukkan cututtuka. Ya kuma kawo maganar Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya, cewa a wurin likitoci zuma ta fi habbatus sauda kusa da zama maganin komai, amma duk da haka akwai cutar da in mai ita ya sha zuma sai ta cutar da shi. Shi kansa Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekarar 751 bayan Hijira, wanda kusan duk mai sayar da maganin Musulunci da littafinsa yake kafa hujja, ya kwatanta wannan lafazi da ayar Suratul Ahƙaf da ta ce iskar Adawa tana rusa kowane abu, wato kowane abin da ke karɓar rushewa. Ayar ma da kanta ta ce aka wayi gari ba a ganin komai sai gidajensu. Ga gidaje nan sun tsaya, alhali an ce "kowane abu". Wannan darasi ne na usulu da kuke koyar da 'yan aji, me ya sa ake mance shi da zarar an zo kan kwalbar magani?

Haka batun zuma. Allah ya ce a Suratun Nahl, aya ta 69, a cikinta akwai waraka ga mutane. Ibnu Kasir ya kawo bayanin masana cewa da an ce "ash-shifa'u" da alif da lam, da ta zama maganin kowace cuta, amma aka ce "shifa'un". Ku tuna kuma da mutumin da ya zo ya ce cikin ɗan'uwansa ya ɓaci, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta cewa a ƙara shayar da shi zuma har ya warke. Ibnul Ƙayyim ya ce a wannan maimaitawar akwai wata ma'ana ta likitanci: dole magani ya kasance da gwargwado daidai da cuta, in ya gaza ba zai kawar da ita ba, in ya zarce sai ya haifar da wata cutar. To wa ya auna gwargwadon abin da ke cikin kwalaben da aka ba goggota?

Akwai kalma ɗaya a hadisin Jabir da ke cikin Muslim wadda nake ganin ita ce ƙashin bayan wannan magana duka. "Kowace cuta tana da magani, idan aka dace da maganin cutar sai a warke da izinin Allah." Idan aka dace. Dacewa kuwa tana bukatar a san cutar tukuna, a san majinyacin, a san adadin da zai sha da tsawon lokacin da zai sha. Ciwon kai na iya zama gajiya, na iya zama hawan jini, na iya zama sanƙarau, na iya zama ƙari a ƙwaƙwalwa. Wanda bai da hanyar rarrabe waɗannan huɗun, ta yaya zai dace? A ruwayar Imam Ahmad daga Ibnu Mas'ud, bayan an ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da waraka, sai aka ƙara da cewa wanda ya sani ya sani, wanda ya jahilta ya jahilta. Wannan ƙofa ce a buɗe ta bincike har tashin ƙiyama. Kafin 1921 yaron da ya kamu da ciwon suga irin na yara ba ya daɗewa a duniya. A wannan shekarar aka gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, a 1922 aka fara yi wa ɗan Adam. Maganin yana nan tun ranar da Allah ya halicci cutar, a jikin halittarsa ma yake, mutane ne suka jahilce shi har ranar da ya so a sani. Ni a wurina insulin yana cikin warakar da Allah ya saukar, kuma wanda ya raba majinyaci da shi ya raba shi da rahamar Ubangijinsa.

Allah gafarta malamai, raba magani gida biyu, a ce wannan na Musulunci wancan na Nasara, ban ga asalinsa a tarihinmu ba. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa wani mutum ya ji rauni a zamanin Annabi, aka kira mutum biyu daga Bani Anmar su duba shi, sai Manzon Allah ya tambaye su wanne ne cikinsu ya fi sanin magani. Ƙwarewa ya tambaya. Da annoba ta ɓarke a Sham a zamanin Sayyidina Umar, ya juya da jama'arsa daga Sarg, wani wuri a kan hanyar Sham, Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce ƙwarai, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin annoba da fita daga cikinsa, abin da duniya ke kira killacewa a yau. Imam Gazali ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, in al'umma ta rasa mai yi duk ta yi laifi.

Likitocin Musulmi na farko kuwa, waɗanda muke alfahari da su a kan mumbari, ba su tsaya kan "an ce" ba. Abubakar Razi, wanda ya yi aiki a asibitin Bagadaza, shi ya fara rubuta bayanin da ya bambance agana da ƙyanda filla-filla. Ya taɓa raba masu alamun wata cutar ƙwaƙwalwa kashi biyu, ya fitar wa kashi ɗaya jini, ya bar ɗaya kashin da gangan don ya kwatanta sakamako. Yau ba a magance wannan cuta da fitar da jini, amma hanyar da ya bi, ta kwatanta wanda aka yi wa magani da wanda ba a yi wa ba, ita ce ginshiƙin gwajin magunguna har gobe. Ibnu Sina, da ya rasu a 1037, ya kafa sharuɗɗa bakwai na gwada magani a littafinsa Alƙanun, daga ciki akwai cewa a gwada shi a kan cuta guda wadda ba ta cakuɗe da wata ba, a ga amfaninsa yana maimaituwa, kuma a gwada shi a jikin mutum, don abin da ya yi wa zaki ko doki ba hujja ba ne a kan ɗan Adam. Zahrawi a Ƙurɗuba ya zana kayan tiyata da hannunsa. Ibnun Nafis, malamin fiƙihun Shafi'iyya ne kuma likita, ya saɓa wa Jalinus, babban likitan Girkawa na dā, a kan yadda jini ke bi ta huhu, gaskiya kuma tana wajensa. Asibitin da muke gani yau, da ɗakin gwajinsa da rajistarsa, a kan harsashin waɗannan bayin Allah aka ɗora shi. Gadonmu ne, ko da wasu suka riƙe shi bayan mun saki.

Ibnu Khaldun ya tafi a kan cewa maganin da ya zo a hadisai irin wanda Larabawa suka saba da shi ne, kuma an aiko Annabi ne don ya koyar da shari'a, ya kafa hujja da ƙissar barbarar dabino inda Manzon Allah ya ce ku ne mafi sanin al'amarin duniyarku. Na san malamai da yawa ba su bi shi a kan wannan ba, kuma ba ni ne zan raba wannan gardama ba. Amma ko mun ajiye Ibnu Khaldun mun riƙe Ibnul Ƙayyim shi kaɗai, shi ne ya ce hadisin sanyaya zazzaɓi da ruwa magana ce da aka fuskantar ga mutanen Hijaz da makwabtansu, saboda yawancin zazzaɓinsu na zafin rana ne. Zazzaɓin cizon sauro, wanda ke kashe kusan mutum dubu 600 a duniya kowace shekara, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ba ya jin jiƙaƙƙen tsumma. Tsumman zai rage zafin jiki, ƙwayar cutar kuwa tana can tana fasa jini.

Yanzu bari in zo kan abin da ke faruwa a cibiyoyi, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙaho sunna ne, Abu Ɗaiba ya yi wa Annabi, Annabi kuma ya biya shi ladansa. Amma ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini na aƙalla kwana bakwai, kuma goge aska da tsumma ba ya kashe ta. Aska ɗaya a bayan mutum biyar hanya ce ta raba musu cutar da za ta iya zama dajin hanta bayan shekaru. Wanda ke shan maganin tsinka jini, ko mai ƙarancin jini, ƙaho na iya jefa shi cikin hatsari. Zuma ga jaririn da bai cika shekara ɗaya ba tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye masa jiki har numfashi ya gagara. Kwalli da yawa da ake sayarwa da sunan ismid an auna an samu dalma a cikinsa, gubar dalma kuwa ƙwaƙwalwar yaro take ci, ba ta kuma dawowa. Bayan ɓullar cutar numfashi ta MERS a Saudiyya a 2012, wadda ke kashe wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan shan fitsarin raƙumi da ɗanyen nononsa, domin a jikin raƙuma cutar take. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanonin da ke sayar da zumar ƙarin kuzarin maza bayan an gano an zuba mata sinadarin Viagra da na Cialis a ɓoye. Mai ciwon zuciya da ke shan wasu magunguna, in ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa nan take. Wannan algus ne, kuma kun san abin da Annabi ya ce a kan wanda ya yi mana algus.

Farfaɗiya ta fi komai ba ni tausayi. Ibnul Ƙayyim da kansa ya kasa ta gida biyu, ya ce akwai wadda ta samo asali daga jiki, wadda likitoci ke magana a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da ita, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba in sun samu magani daidai. Amma sai ka ga yarinya ta shekara biyar ana zagayawa da ita wajen masu ruƙiya, ana yi mata hayaƙi, wani ma har da duka wai aljani ake duka, makaranta ta wuce ta, ta faɗa wuta sau biyu, alhali ƙwaya ƙarama safe da dare za ta iya mayar da ita aji. Ruƙiya gaskiya ce, Alƙur'ani waraka ne. Me zai hana a yi mata addu'a a kuma kai ta a duba ƙwaƙwalwarta? Haka matar da ta ji ƙulli a mama. Watannin da take shafe wa tana shafa mai su ne watannin da tiyata ke iya cetonta. Masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun wallafa a 2018 cewa masu ciwon daji da suka zaɓi magungunan gefe su kaɗai, suka bar na asibiti, hatsarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutane ba haka kawai suke gudun asibiti ba. Akwai tsada, akwai dogon jira, akwai likitan da ba ya ɗaga kai ya kalli majinyaci, akwai wanda in ka ambaci habbatus sauda sai ya yi maka kallon jahili. Ku kuwa kuna zaunar da mutum, ku saurare shi, ku tuna masa da Allah, wannan kuma rabin jinya ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Likitancin zamani ma bai raina tsirrai ba, don babban maganin zazzaɓin cizon sauro na yau daga wani ganye aka samo shi a ƙasar Sin, har matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Sanamaki, da ya zo a ruwayar Tirmizi da Ibnu Majah, yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a matsayin maganin taurin bayan gida. Ana amfani da tatacciyar zuma wajen ɗaure miki da ƙuna. Ana kan binciken sinadarin da ke cikin habbatus sauda, an kuma ga alamun amfani. Duk waɗannan sun samu karɓuwa ne bayan an auna su, an san iyakarsu.

Hadisin da na fi so ku ɗaga a mumbari shi ne wanda Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito: wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, to shi ne mai lamuni. Malaman fiƙihu sun gina hukuncin diyya a kansa. A shekarar 319 bayan Hijira, wato 931, da wani majinyaci ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya ba da umarni a hana kowa yin magani sai babban likita Sinan ɗan Sabit ya jarraba shi, aka jarraba fiye da mutum 800. Daular Musulunci ce ta yi wannan, shekara dubu da wani abu da suka wuce. Yau kuwa mutum zai halarci bita ta 'yan kwanaki, ya haddace hadisai goma, ya sa farar riga, ya fara karɓar masu ciwon ƙoda.

Saboda haka ina roƙonku, don girman Allah. Ku masu cibiyoyi, kada ɗayanku ya sake ce wa majinyaci ya ajiye maganin suga, ko na hawan jini, ko na farfaɗiya, ko na ƙanjamau, ko ya katse maganin tarin fuka kafin watanninsa shida su cika. In kun ga ƙulli, ko tari da jini, ko yaro da zazzaɓi mai zafi, ko mai ciki da kumburi, ku ce maza asibiti, kuma ku faɗa da irin ƙarfin muryar da kuke tallata kayanku. Ku rubuta abin da ke cikin kwalba a jikin kwalba, ku kai shi a auna, ku yi amfani da sabuwar aska ga kowane mutum. Ku daina liƙa sunan Manzon Allah a kan haɗin da ku kuka ƙirƙira jiya. Ya faɗi zuma, ya faɗi habbatus sauda, amma bai faɗi garin nan mai kala goma sha biyu ba, kuma jingina masa abin da bai faɗa ba kun fi ni sanin makomarsa.

Ku kuma iyayenmu malamai masu wa'azi, ku duba abin da ake tallatawa a gefen karatunku da kuma da sunanku. Jama'a ba sa rarrabe fatawarku da tallan da ya biyo bayanta. Ku gayyaci likitoci Musulmi masu tsoron Allah, ga su nan da yawa, ku zauna tare da su a gaban jama'a, ku ɗauko Zadul Ma'ad na Ibnul Ƙayyim su ɗauko sakamakon gwaji. Ku kwaɗaitar da hazikan ɗalibanku, musamman mata, su karanci likitanci da haɗa magunguna, ku gaya musu farilla suke ɗauke wa al'umma.

Goggota ta koma kan allurarta, ƙodarta kuma ana lura da ita. Amma har yau duk lokacin da za ta soka allurar sai na ji tana istigfari a hankali, kamar mai aikata abin kunya. Na yi mata bayani, likitanta ya yi mata, ba ta gamsu ba, don mu ba malamai ba ne. Ku take saurare a rediyo kullum bayan sallar asuba. Ina roƙon ɗayanku ya faɗa da bakinsa, ƙarara yadda za ta ji, cewa allurar nan ba ta rage mata tawakkali ba, kuma ba raunin imaninta ne ya kwantar da ita ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga ɗanku kuma ɗalibinku.